Bututun ƙazanta zuwa teku: me ake dubawa kafin a yarda a gyara shi ko a ƙara masa tsawo?

Wani ɗan'uwa da ke karatu a Cape Town ta Afirka ta Kudu ya aiko da tambaya. Ya ce garin na da bututu uku da ke kai ruwan ƙazanta cikin teku, an daɗe ana ja-in-ja a kan izininsu, wasu na cewa a ƙara musu tsawo, wasu na cewa a gina matatar da za ta tace ruwan. Ga yadda ya tambaya: "Bututun da ya yi shekaru yana aiki, me ya sa gyara shi ma sai an yi nazarin muhalli an nemi izini? Kuma teku da girmanta ba ta isa ta cinye wannan ƙazanta ba? Mun dai karanta cewa ruwa mai yawa ba ya najasta sai launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya canza."

Ɗan'uwa, bari in fara da ƙarshen tambayarka, don ita ce ke zuciyar mutane da yawa ko ba su furta ba. Abin da ka karanta a zaure daidai yake a babinsa, wato babin tsarki, na sanin ruwan da ya halatta a yi alwala da shi. Mu ma'aikatan ruwa tambayarmu daban ce: in yaro ya kurɓi ruwan nan yana wanka, zai kwana lafiya? Ƙwayar da ke sa gudawa ko ciwon hanta ba ta da launi, ba ta da wari. Na sha ɗebo ruwan teku a kwalba da asuba, garau da shi, in tace shi a 'yar takardar tacewa, in ɗora a faranti in sa a injin ɗumi. Washegari in buɗe in tarar takardar ta cika da ɗigo-ɗigo masu shuɗin zobe, kowane ɗigo ƙwayar hanji ce da ta hayayyafa cikin dare. Ido bai gani ba, hanci bai ji ba, amma suna nan.

Teku tana cinye ƙazanta, wannan gaskiya ne, kuma a kansa aka gina dabarar bututun. Sai dai tana da abin da take iya cinyewa da wanda ba ta iyawa, kuma duk aikin nazarin muhalli a nan yake.

Ka dubi yadda abin ke aiki. Ruwan da ke fitowa daga gidaje ba shi da gishiri, ita kuwa teku tana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri a kowace lita, don haka ta fi shi nauyi. In ka saki ruwan gari a ƙasan teku, tashi yake yi sama kamar hayaƙin murhu, yana tafiya yana jawo ruwan gishiri yana gauraya da shi. Shi ya sa ba a barin bakin bututu guda ɗaya wangame. Ana yi wa sashensa na ƙarshe ƙofofi da yawa a jere, mu kira shi mafesa, don hayaƙin ya kasu ƙanana-ƙanana. Mafesa mai kyau a ruwa mai zurfi tana iya sa kowace lita ta ƙazanta ta gauraya da lita 100 ta ruwan teku ko fiye kafin ta gama tashi.

To yi lissafi da ni. Ɗanyen ruwan ƙazanta kan ɗauki ƙwayoyin hanjin da muke kira entarokokai tsakanin 100,000 zuwa miliyan ɗaya a cikin mililita 100, wato kamar rabin kofin shayi. Ɗauki miliyan ɗaya ka raba da 100, saura 10,000. Ma'aunin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa wa ruwan wanka a teku tun 1986 shi ne matsakaicin 35, kuma ajin farko a jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2003 yana tsayawa a 40. Ka ga tsakanin 10,000 da 35 akwai tazara ta kusan ninki 300 da mafesa ba ta biya ba. Ana dogara ne ga nisan tafiya da hasken rana su biya ta, domin rana na kashe ƙwayoyin cikin sa'o'i. Da dare, ko a ruwa mai duhu, suna daɗewa ƙwarai, wasu ƙwayoyin bairos kuma sun fi su juriya nesa ba kusa ba. Saboda haka lafiyar mai wanka ta rataya ne a kan inda igiyar ruwa ta nufa da ƙazantar, da sa'o'in da za ta yi kafin ta taɓa gaɓa.

Akwai kuma abin da gauraya ba ta taɓa ragewa. In gari na zuba tan kaza na daskararren datti a rana, ko ka kai bakin bututun ina, tan kaza ɗin nan ne dai zai sauka a wani wuri a ƙasan teku. Haka sinadarin naitirojin da ke ciyar da gansakuka har ta yi yawa ta ruɓe ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. Haka ƙarafa masu guba daga masana'antu, da ragowar magungunan da muke sha mu fitar, da maiƙon girki, da ɓarɓashin roba. Gauraya tana rage kaurin abu a cikin lita ɗaya. Jimillar abin da aka zuba tana nan yadda take, kuma wasunsa taruwa suke yi a laka da jikin kifi shekara bayan shekara.

Daga nan za ka gane dalilin sake neman izini. Da wuya gari ya taɓa bututu don kawai ya mayar da shi yadda yake. Galibi jama'a ce ta ƙaru, ana son ya ɗauki ruwa fiye da da, ko a matsar da bakinsa wani wuri, wanda hakan na nufin wata laka da wasu kifaye da wasu masunta ne za su karɓi abin da ba su saba karɓa ba. Ginin kansa yana da nasa ɓarna: haƙa rami a ƙasan teku, tayar da tsohuwar laka mai guba, ƙarar buga turaku da ke damun dabbobin ruwa, da tambayar ina ƙazantar za ta bi a watannin da aka rufe tsohon bututu. Ga kuma cewa yawancin tsofaffin bututu sun girmi dokokin muhalli. Amurka ta sa hannu a dokarta ta nazarin muhalli ranar 1 ga Janairu 1970, dokar tsabtar ruwa ta biyo a 1972, Najeriya ta yi tata dokar nazarin tasiri ga muhalli a 1992, Afirka ta Kudu ta yi dokar kula da gaɓar teku a 2008. Lokacin gyara shi ne sau da yawa karo na farko da wani zai zauna ya auna bututun da ma'aunin zamani. Kuma abin da aka amince da shi yau zai yi shekara 50 ko fiye a ƙasan ruwa. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Matakan takarda kusan iri ɗaya ne a ko'ina, ba sai na daɗe a kansu ba. Hukuma ta duba girman aikin ta yanke irin nazarin da yake bukata, a tsayar da abubuwan da za a bincika, mai aikin ya ɗauki ƙwararru su rubuta rahoto, a baje shi ga jama'a, masana su yi bita, a amince da sharuɗɗa ko a ƙi. A Najeriya Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke riƙe da wannan, kuma ana baje rahoton kwana 21 na aiki. Yawanci izini biyu ne: na gina abin, da na zubar da ruwan, wanda shi ake sabuntawa bayan 'yan shekaru. Ka riƙe wannan bambanci, domin na biyun ne ke faɗin abin da aka yarda ya fito daga bakin bututu.

Inda nake daɗewa in an ba ni rahoto shi ne babin awon teku. An taɓa kawo mini wani, na aiki a gaɓar Afirka ta Yamma, mai kauri kamar bulo, da taswirori masu launi da ke nuna ƙazanta na tafiya can tsakiyar teku ba ta waiwayo ba. Na bi shafukan baya inda ake ajiye ɗanyen awo, sai na tarar na'urar auna igiyar ruwa makonni kaɗan ta yi a ruwa, duka a rani. Alhali a gaɓar Gana da Kodebuwa, daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasan teku mai sanyi yana tasowa sama. A watannin zafi ruwan saman teku mai ɗumi kan zama kamar murfi, ya danne hayaƙin ƙazanta a ƙasa. In ruwan sanyin nan ya taso murfin ya tafi, ƙazantar ta fito sarari, iska ta kora ta inda ta ga dama. Lissafin kwamfutar da ke cikin rahoton bai san da wannan ba sam, don ba a ba shi ba. Da muka je bakin ruwa, wani dattijo masunci ya tsuguna ya zana mana a yashi da yatsa yadda ruwa ke juyawa a watannin nan, ya nuna inda yake tara shara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na rubuta cewa a koma a auna shekara guda cur. Mai aikin bai ji daɗi ba, ni ma na san jinkiri kuɗi ne, amma ban iya sa hannu a kan teku ta rabin shekara ba.

Babi na biyu da nake matsa wa shi ne na zaɓuɓɓuka. Rahoton kirki dole ya jera hanyoyi da gaske: dogon bututu da tacewa kaɗan, gajere da tacewa mai zurfi, sake amfani da ruwan, da barin abin yadda yake. Tacewar farko, wadda ake barin ruwa ya kwanta datti ya zauna, tana cire kusan rabin daskararren datti ko ɗan fiye. Ta biyu, wadda ƙwayoyin halitta ke cinye dattin da ya narke, ita ce dokar Amurka ta ce ta cire kashi 85 cikin ɗari. Rahotanni da yawa sukan zaɓi bututu tun kafin a fara rubutu, sannan a jero sauran hanyoyin a shafi biyu don a kore su da kalmar tsada. In ka ga haka, ka nemi lissafin kuɗin.

Misalin da na fi koyo daga gare shi shi ne birnin Boston na Amurka. A farkon shekarun 1980 mashigin ruwan garin ya yi ƙaurin suna wajen ƙazanta. Mahukunta sun nemi a ɗauke musu wajabcin tacewa ta biyu, ƙarƙashin sassaucin da aka ƙara wa dokar ruwa a 1977 don garuruwan bakin teku, aka hana su. Aka je kotu, alƙali David Mazzone ya kafa jadawalin aiki ya riƙa bin sa da kansa shekara da shekaru. Aka gina matata a tsibirin Deer mai karɓar ruwan garuruwa 43, aka daina zuba dagwalon datti a teku a Disamba 1991, aka haƙa rami ƙarƙashin dutsen teku mai tsawon kusan kilomita 15, ƙarshensa da bututun tashi 55 a ruwa mai zurfin kusan mita 30. An buɗe shi a Satumba 2000.

Mutanen Cape Cod, wani yankin bakin teku da ke can gaba da Boston, sun tayar da ƙayar baya. Cewa suke yi Boston za ta wanke gidanta ta watso musu ruwan, kuma suna tsoron abin da naitirojin zai yi wa abincin wani nau'in wel, wata ƙatuwar dabbar teku, da ya kusa ƙarewa a duniya. Tsoronsu yana da tushe, kuma shi ya gyara izinin. An fara awon tekun tun 1992, shekara takwas kafin ɗigo ɗaya ya fita, don a san yadda wurin yake a shekarar kirki da shekarar banza. An rubuta ma'aunai a cikin izinin, na iskar da ke cikin ruwa, da yawan gansakuka, da lafiyar hantar kifi, kowane da matakin gargaɗi, da abin da hukumar ruwa za ta yi in an ƙetare shi. An kafa kwamitin masana masu zaman kansu su riƙa duba sakamakon, ana kuma wallafa shi kowa ya gani. Mashigin Boston ya farfaɗo, kuma ɓarnar da aka ji tsoro a tekun waje ba ta bayyana a awon ba. Abin da ya sa na yarda da wannan magana shi ne akwai awon kafin da na bayan, kuma ba mai bututun kaɗai ke riƙe da su ba. A wurina wannan shi ne amincewa ta gaskiya: a tace ruwan, a kai shi nesa, a kuma ɗaure mai shi da alƙaluman da za a iya kama shi da su.

Sidni ta Ostareliya ta ɗauki rabin hanyar. Tsakanin 1990 da 1991 ta buɗe dogayen bututu uku, a Malabar da North Head da Bondi, masu nisan kilomita biyu zuwa kusan huɗu a ruwa mai zurfin mita 60 zuwa 80, amma ta bar matatun a matakin tacewar farko. Kada a rage mata, bakin ruwanta ya gyaru sosai, wuraren wankan da a da ake ganin datti ido da ido suka tsabtatu. Sai ga shi a Oktoba 2024 wasu dunƙule-dunƙule baƙaƙe sun cika yashin Coogee da maƙwabtansa, har aka rufe wuraren wanka. Da farko an zaci kwalta ce ta jirgin ruwa. Da aka bincika sai aka ga maiƙon girki ne da sabulu da gashi da bayan gida, kuma hukumar muhalli ta jihar ta bi sawunsu zuwa tsarin Malabar. Maiƙo ba ya gauraya da ruwa, ko a kilomita nawa ka sake shi.

Akwai kuma waɗanda suka ce ruwan kansa dukiya ne. Jihar Fulorida ta Amurka ta yi doka a 2008 cewa garuruwan kudu maso gabashinta su daina dogara da bututun teku zuwa ƙarshen 2025, su sake amfani da kashi 60 cikin ɗari na ruwan. Windhoek ta Namibiya tana tace ruwan ƙazanta ta mayar da shi famfo tun 1968. Wannan ya shafi garinku kai tsaye, domin a 2018 an taƙaita wa kowane mutum a Cape Town lita 50 a rana saboda fari, a daidai lokacin da miliyoyin lita na ruwan da ba gishiri ke bin bututu zuwa teku kullum.

To mu dawo gida wurinka. Bututun uku suna Green Point da Camps Bay da Hout Bay, kuma abin da ake yi wa ruwan kafin a sake shi bai wuce tace shi a raga don a cire tsumma da roba da manyan tarkace ba. Bai kai ko tacewar farko ba. Na Camps Bay yana zuba ne a cikin yankin teku da doka ta keɓe don kariya. Masana a Jami'ar Western Cape, ciki har da Farfesa Leslie Petrik, sun sami ragowar magunguna da sinadaran gida a jikin halittun gaɓar garin. Hukumar birnin kuwa tana kafa hujja da cewa tekun wurin mai ƙarfi ce, tana gauraya ruwan da sauri, kuma akwai wuraren da suka fi bukatar kuɗin, unguwannin talakawa da ko masai mai kyau ba su da shi. Wannan hujja ta ƙarshe ba ta wasa ba ce, ni kaina ina jin nauyinta. A 2023 ministar muhalli ta lokacin, Barbara Creecy, da aka ɗaukaka ƙara gabanta a kan izinin, ta ce jin ra'ayin jama'ar da aka yi bai wadatar ba, ta sa a sake.

Ra'ayina shi ne ƙarin tsawo kaɗai ba zai warware matsalar Cape Town ba, domin abin da ake kuka da shi, maiƙo da magunguna da daskararren datti, yana cikin jerin abubuwan da nisa ba ya ragewa. In kuɗi bai isa a yi komai lokaci ɗaya ba, a fara da tacewa, mataki-mataki, a rubuta ranar kowane mataki a cikin izinin kansa. Alƙawarin da ke cikin jawabin magajin gari yana tafiya da magajin garin, wanda ke cikin izini kuwa ana iya kai shi kotu.

In aka sake buɗe ƙofar jin ra'ayi, ka je, kuma ka rubuta, don abin da aka rubuta ne ake tilasta wa hukuma ta amsa. Kada ka tsaya a kan cewa ruwan na wari. Tambaye su wata nawa aka yi ana auna igiyar ruwa, ko awon ya haɗa da lokacin zafi da iskar kudu maso gabas ke taso da ruwan sanyi, da lokacin hunturu da iskar arewa maso yamma ke koro ruwan saman teku zuwa gaɓa. Tambaye su ko izinin ya ƙayyade jimillar kilon datti a rana, ko kaurinsa a lita kawai. Nemi a nuna maka faɗin da'irar da aka yarda ruwa ya saɓa ma'auni a cikinta kewaye da mafesa, ka ga ko ta taɓa wurin wanka ko wurin kamun kifi. Tambayi ina ƙazantar ke bi in wuta ta ɗauke famfo ya tsaya, sau nawa hakan ta faru, da yaushe mai nutso ya sauka na ƙarshe ya duba ko ƙofofin mafesa sun toshe. Sannan ka nemi sakamakon gwajin ruwa ɗaya bayan ɗaya da kwanan watansa, kada ka karɓi matsakaicin shekara, domin kwana uku na bayan ruwan sama, waɗanda a cikinsu ne yara ke kamuwa, ɓacewa suke yi a cikin matsakaici.